Shin Yaƙe-yaƙen Salibiyya ne Tushen Rikicin Musulmi da Kirista da Yahudawa na Yau?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, kuma na sha jin masu wa'azi da masu sharhi a rediyo suna cewa abin da ke faruwa yau a Falasɗinu ci gaba ne kawai na yaƙin Salibiyya, wai ba a taɓa daina shi ba. Wani abokin karatuna Kirista kuma ya ce ai Musulmi ne suka fara, Turawa ramuwa kawai suka yi. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin, kuma ta ina Yahudawa suka shigo cikin labarin?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: wa ya tsokano yaƙin tun farko, ko igiyarsa ce ta zarce ba tsinkewa har zuwa yau, da kuma matsayin Yahudawa a ciki. Na daɗe ina koyar da tarihin wannan zamani ga ɗalibai Musulmi da Kirista a aji ɗaya, kuma kusan kowace shekara sai an yi mini irin wannan tambaya. Abin da na tsaya a kai shi ne: yaƙe-yaƙen nan sun ƙare a zamaninsu, amma sun bar kalmomi da hotuna da tabo a zukata, waɗanda aka tono a ƙarni na 19 aka sa musu sabuwar riga. Rikicin yau yana da nasa dalilan, sai dai yana yawan aron bakin wancan zamani ya ci albasa da shi.

Yadda abin ya faro

Birnin Ƙudus ya shiga hannun Musulmi a zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, wajen shekarar 638, ta hanyar sulhu da babban limamin Kiristocin birnin, Sofroniyos. Daga nan har zuwa yaƙin Salibiyya na farko shekaru fiye da 450 ne, kuma a mafi yawan wannan lokaci Kiristocin Turai suna zuwa ziyara suna komawa gida. An samu lokutan tsanani, mafi muninsu shi ne na shekarar 1009, lokacin da sarkin Faɗimiyya na Masar, Alhakim, ya sa aka rushe babbar majami'ar da Kiristoci suka yi imani a nan kabarin Almasihu yake. An sake gina ta bayan kusan shekara arba'in, amma labarin rushewar ya daɗe yana yawo a Turai.

Abin da ya kawo maganar kusa shi ne shigowar Turkawan Saljuƙ. A 1071 suka karya rundunar Rumawa a Manzikart, suka kwarara cikin ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Sarkin Rum, Aleksiyos, ya aika wa Fafaroma Urban na Biyu yana neman taimakon mayaƙa. A watan Nuwamba na 1095, a garin Kilamon na Faransa, Fafaroman ya yi huɗubar da ta juya wannan roƙo zuwa wani abu dabam: ya kira jarumawan Turai su ɗinka alamar gicciye, wanda Larabawa ke kira salibi, a tufafinsu su tafi 'yanto Ƙudus, tare da alkawarin yafe musu kaffarar zunubansu. Sarkin Rum sojan haya ya nema, sai ga ambaliyar mutane masu ganin tafiyarsu ibada ce.

To, maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya ta fuskar cewa faɗaɗar Saljuƙawa ce ta jawo neman taimakon, kuma ba mai musun cewa Sham da Masar da Andalus ƙasashen Kirista ne kafin Musulmi su ci su da yaƙi. Inda maganar ta gaza shi ne, ramuwar da aka jinkirta shekara ɗari huɗu da ɗoriya tana bukatar ƙarin bayani. Akwai burin Fafaroma na ɗaga ikonsa sama da na sarakunan Turai, akwai son karkatar da jarumawan da suka addabi juna da talakawansu zuwa waje, akwai kuma tsoron azabar lahira na gaske a zukatan mutanen da da yawansu suka sayar ko suka jinginar da gonakinsu don su yi guzuri. Wanda ya ce kwaɗayin ganima ne kaɗai ya kai su bai karanta takardun jinginar da suka bari ba. Tambayar "wa ya fara" kuwa ba ta da ƙarshe, domin duk shekarar da ka zaɓa, abokin gardamarka zai zaɓi wadda ta gabace ta.

Sun iske duniyar Musulmi a rarrabe. Sarki Malik Shah da wazirinsa Nizamul Mulk duk sun rasu a 1092, 'ya'ya da 'yan'uwa suka shiga rigimar gado, ga kuma gaba tsakanin halifancin Abbasiyya na Bagadaza da na Faɗimiyya a Alƙahira. A ranar 15 ga Yuli 1099 suka shiga Ƙudus, suka yi wa Musulmi da Yahudawan birnin kisan da har marubutansu na Latin suka siffanta shi da kalmomi masu tayar da tsigar jiki. Wata tawaga daga Sham ƙarƙashin alƙali Abu Sa'ad Alharawi ta je Bagadaza a cikin Ramadan tana kuka tana neman agaji, jama'a suka yi kuka tare da ita, amma runduna ba ta fito ba. Sai da aka yi kusan shekara hamsin kafin Imaduddin Zanki ya ƙwato Ruha a 1144, ɗansa Nuruddin ya haɗa kan Sham, sannan Salahuddin Al'ayyubi ya karya su a Hiɗɗin a watan Yuli na 1187, ya karɓi Ƙudus a watan Oktoba ta hanyar yarjejeniya, inda aka yanka fansar dinari goma ga namiji, biyar ga mace. Birninsu na ƙarshe mai muhimmanci, Akka, ya faɗi hannun Mamalik na Masar a 1291.

Abin da ba a cika faɗa ba

Shekaru kusan ɗari biyun nan ba duka aka yi su ana sara da suka ba. Akwai wani labari da nake karanta wa ɗalibaina kowace shekara, daga littafin I'itibar na Usama ɗan Munƙiz, basarake kuma mayaƙi ɗan Sham wanda ya yaƙi waɗannan baƙi ya kuma yi abota da wasunsu. Ya ce idan ya je Ƙudus yakan shiga harabar Masallacin Aƙsa, wanda a lokacin yake hannun wata rundunar 'yan Salibiyya da Larabawa ke kira Dawiyya, kuma abokansa a cikinsu sukan ba shi wani ɗan masallaci a gefe ya yi salla. Wata rana ya kabbarta ke nan, sai wani Bature ya yi wuf ya cafke shi ya juya fuskarsa zuwa gabas, yana cewa haka ake salla. Abokan nasa suka janye mutumin, Usama ya koma sallarsa, mutumin ya sake faki idonsu ya maimaita. Suka fitar da shi suka ba Usama haƙuri, suka ce baƙo ne, kwanan nan ya sauka daga ƙasarsu, bai taɓa ganin mai ibada yana kallon wani wuri ban da gabas ba.

Duk lokacin da na kai nan sai na ga ɗalibai sun ɗaure fuska cikin ruɗani, domin a wurinmu "fuskantar gabas" ita ce sallar kanta. Sai na zana musu taswira a allo su ga cewa mutumin Ƙudus kudu yake kallo idan zai fuskanci Ka'aba. Daga nan kuma sai hira ta buɗe a kan ainihin abin da labarin ke nunawa, wato bambanci tsakanin wanda ya zauna da mutane ya san su da wanda ya zo da labarinsu a kansa daga nesa. Matafiyin nan ɗan Andalus, Ibn Jubair, da ya ratsa yankin a 1184, ya yi mamakin ganin ayarin fatake suna kaiwa da komowa tsakanin Dimashƙa da Akka alhali rundunoni na fafatawa. A 1229 ma Sarki Alkamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin, ya miƙa Ƙudus ga Sarki Firedirik na Biyu ta hanyar yarjejeniya ba tare da an zare takobi ba, abin da ya fusata malamai a wannan ɓangare da limaman coci a wancan.

Kuma takobin bai tsaya kan Musulmi ba. A 1204 rundunar Salibiyya ta huɗu ta wawashe Ƙusɗanɗiniyya, babban birnin Kiristocin Gabas, har cikin majami'unsa. Wannan rauni bai warke da wuri ba, domin a 2001 sai da Fafaroma John Paul na Biyu ya nuna nadama a kansa a birnin Atina. Daga 1209 kuma aka ƙaddamar da irin wannan yaƙi a kudancin Faransa kan Kiristocin da coci ta ɗauka 'yan bidi'a.

Inda Yahudawa suka shigo

A nan ne, a ganina, igiyar ta fi kusa da zama marar tsinkewa. Tun kafin rundunar farko ta bar Turai, a bazarar 1096, wasu gungun masu gicciye suka auka wa Yahudawan garuruwan bakin kogin Rayin a Jamus, irin su Worms da Mainz, suna cewa me zai sa a yi doguwar tafiya neman maƙiyan Almasihu alhali ga su nan a gida. An kashe ɗaruruwa a kowane gari, wasu iyalai suka kashe kansu don kada a tilasta musu barin addininsu. Adalci ne a faɗi cewa wasu limaman coci sun yi ƙoƙarin ɓoye su, kuma a lokacin yaƙi na biyu babban malamin nan Banad na Kilabo ya fito ya hana irin wannan ta'asa. Duk da haka ƙofa ta riga ta buɗe. A 1144 aka ƙago a garin Norwich na Ingila ƙaryar nan cewa Yahudawa na kashe yaran Kirista don tsafi. A 1190 aka hallaka Yahudawan York. A 1215 babban taron coci ya wajabta musu, su da Musulmin da ke zaune a ƙasashen Kirista, tufafin da zai bambanta su. Ingila ta kore su a 1290, Sifen kuma a 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, kuma da yawansu Daular Usmaniyya ce ta karɓe su.

Ba ina nufin zamansu a ƙasashen Musulmi babu ƙunci ba. An yi musu kisan gilla a Garnaɗa a 1066, kuma daular Muwahhidun ta takura musu har iyalin babban malaminsu Musa ɗan Maimun suka bar Ƙurɗuba. Amma a Alƙahira ya samu mafaka, ya zama likita a fadar Ayyubawa. Idan aka auna gaba ɗaya, ƙiyayyar da ta yi kauri har ta kai ga kashe-kashen Rasha daga 1881, da shari'ar ƙage da aka yi wa Dreyfus, wani hafsan soja Bayahude, a Faransa a 1894, da kisan Yahudawa miliyan shida a hannun 'yan Nazi, a Turai ta yi saiwa. Ita ce ta sa Theodor Herzl, wani ɗan jarida Bayahude, ya yanke cewa Bayahude ba zai taɓa samun aminci a Turai ba sai da ƙasar kansa, ya kira taron Basel a 1897. Ka ga ke nan wata cuta da ta tsananta a zamanin Salibiyya ta bi ta Turai shekaru ɗari takwas, sannan aka sauke kuɗin maganinta a kan Falasɗinawa, waɗanda ba su da hannu a cikinta. Abin baƙin ciki kuma, ita waccan ƙarya ta Norwich ta samu shiga ƙasashen Larabawa, musamman bayan wani zargi da aka yi a Dimashƙa a 1840, har yau kuma akan ji ta a bakin wasunmu ba tare da sun san daga ina aka yo musu dakonta ba.

Yadda aka tono gawar

Marubutan Musulmi na wancan zamani ba su kira waɗannan yaƙe-yaƙe da sunan Salibiyya ba. "Faranj" suke kiran mutanen, suna lissafa su cikin maƙiyan da suka zo suka wuce. Bala'in da ya fi girgiza su shi ne na Tatar, waɗanda suka rusa Bagadaza a 1258. Bayan haka ma Musulmi ne ke da rinjaye: Usmaniyya sun ci Ƙusɗanɗiniyya a 1453, sun kai ƙofar Biyana har sau biyu, a 1529 da 1683. Wanda ya yi nasara ba ya zama yana jinyar tsohon rauni. Ko a wajen talakawan Masar, labarin Sarki Baibaras ya fi na Salahuddin yawo a bakin masu ba da hikaya.

Turawa ne suka fara tonowa. Wani marubuci mai suna Michaud ya wallafa babban tarihinsa na Salibiyya a Faransa daga 1812, yana nuna ta a matsayin abin alfaharin ƙasa. Bayan Faransa ta mamaye Aljeriya a 1830, Sarki Luwi Filib ya keɓe ɗakuna a fadar Basai don zane-zanen waɗannan yaƙe-yaƙe. A 1898 Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya ziyarci kabarin Salahuddin a Dimashƙa ya yaba shi. Shekara ɗaya bayan haka, a 1899, Sayyid Ali Alhariri ya wallafa a Alƙahira littafin farko da wani Musulmi ya keɓe wa wannan batu da Larabci, kuma a cikinsa ya kawo ra'ayin Sarkin Musulmin Santambul, Abdulhamid na Biyu, cewa Turai na yaƙar daularsa da sabuwar Salibiyya cikin rigar siyasa. Kalmar "hurubus salibiyya" kanta a wannan ƙarni ta shiga Larabci, ta hanyar fassarar littattafan Turai.

Shigar Janar Allenby na Ingila Ƙudus a Disamba 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, misali ne da ya kamata a duba da kyau. Mujallar Punch ta Landan ta zana Sarki Richard na Ingila, wanda ya fafata da Salahuddin, yana leƙen birnin yana cewa mafarkinsa ya tabbata. Amma gwamnatin Ingila ta riga ta gargaɗi jaridu kada su kira yaƙin da sunan yaƙin addini, saboda tana mulkin miliyoyin Musulmi daga Indiya har zuwa nan Arewa, kuma akwai Musulmi a cikin rundunar Allenby. Maganar da ake yawan jingina masa, cewa yau Salibiyya ta ƙare, ba ta cikin sanarwar da aka karanta a ranar, haka ma wadda ake jingina wa Janar Guro na Faransa a kabarin Salahuddin a 1920 masana na jayayya a kan ingancinta. A Yaƙin Duniya na Ɗaya dai Usmaniyya na tare da Jamus da Ostiriya, Sharifin Makka kuma na tare da Ingila. Wannan ba sabon abu ba ne, domin Faransa ta ƙulla ƙawance da Sarki Sulaiman tun 1536, kuma Ingila da Faransa sun taya Usmaniyya yaƙar Rasha a Kirimiya.

Daga nan kowa ya ɗebi abin da ya yi masa. Jamal Abdunnasir ya ɗauki mikiyar Salahuddin ta zama tambarin Masar. Hafiz Al'asad ya kafa masa mutum-mutumi a Dimashƙa. Saddam Husaini ya riƙa kamanta kansa da shi don sun haɗa yankin haihuwa na Tikrit, alhali Salahuddin Bakurde ne, shi kuwa Saddam ya watsa wa Kurdawa iska mai guba a Halabja a 1988. Usama bin Ladan ya sa wa gamayyarsa ta 1998 sunan yaƙar Yahudawa da 'yan Salibiyya. Shugaba Bush ya furta kalmar "crusade", wato Salibiyya, a Satumba 2001, fadarsa ta yi ta ƙoƙarin gyara maganar. Mutumin da ya kashe mutane 77 a Norway a 2011 ya kira kansa magajin Dawiyya, wanda ya kashe masallata 51 a New Zealand a 2019 kuma ya rubuta sunayen tsofaffin yaƙe-yaƙe a jikin bindigoginsa. Masu tsattsauran ra'ayi na ɓangarorin biyu labari ɗaya suke bayarwa, kowannensu na bukatar ɗayan don nasa ya tsaya.

Amma idan ka ajiye wannan harshe ka dubi rikicin Falasɗinu kansa, abin da za ka tarar shi ne yarjejeniyar Sykes da Picot ta 1916 wadda Ingila da Faransa suka tsara raba yankin a cikinta, da wasiƙar Balfour ta 1917 wadda Ingila ta goyi bayan kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu a cikinta, da korar da gudun Falasɗinawa sama da dubu ɗari bakwai a 1948, da mamayar 1967, da matsugunai da filaye da ruwa da takardar zama ɗan ƙasa. Addini na ciki ƙwarai, musamman a kan Ƙudus, kuma akwai Yahudawa da Kiristocin Amurka masu fassara mamayar da nassi. Sai dai Falasɗinawa Kiristoci suna cikin waɗanda aka kora, kuma 'yar jaridar nan Shirin Abu Aƙila da aka harbe a Jenin a 2022 Kirista ce. Wanda ya ce Salibiyya ce zalla ya goge waɗannan mutane daga labarin.

Iyakar abin da zan iya cewa

Ni malamin tarihi ne, hukuncin shari'a a kan jihadi da sharuɗɗansa kuwa na malaman fiƙihu ne, kuma majiyoyin Latin da na Ibrananci ta hanyar fassara nake karanta su. Alƙaluman mamata da marubutan wancan zamani suka bayar, na kowane ɓangare, ba a ɗaukar su yadda suke, shi ya sa na guje musu. Akwai kuma masana na kirki da ke ganin Musulmi sun riƙe tunanin waɗannan yaƙe-yaƙe fiye da yadda na nuna, musamman a garuruwan Sham inda ganuwa da hasumiyoyin Faranj ke tsaye a gaban idon kowa, kuma hujjarsu abar saurare ce.

Ƙasar Hausa ba ta cikin waɗancan yaƙe-yaƙe, kuma Turawan da suka ci Kano da Sakkwato a 1903 kasuwa da ƙasa da tseren riga Faransa ne suka kawo su, har Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba, aka kuma taƙaita aikin mishan a masarautu. Duk da haka kalmomin sun iso mu. Majami'u da yawa na kiran babban taron wa'azi da waccan kalma ta Turanci, "crusade", ba tare da nufin yaƙi ba, Musulmin da ya san tarihinta kuma wani abu dabam yake ji, kuma tana cikin abubuwan da suka rura wutar rikicin Kano na Oktoba 1991 a kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke, inda aka yi asarar rayuka masu yawa.

Akwai kuma wata hanya da ba kowa ya lura da ita ba. Wajen 1168 Nuruddin ya sa masassaƙan Halab suka ƙera mumbari na katako da ado na hauren giwa, da niyyar a kafa shi a Masallacin Aƙsa ranar da aka ƙwato shi. Ya rasu a 1174 bai ga ranar ba, Salahuddin ne ya sa aka ɗauko shi aka kafa bayan 1187. Mumbarin ya zauna a wurin kusan shekara ɗari takwas, har ranar 21 ga Agusta 1969, lokacin da wani Kirista ɗan Ostireliya mai suna Denis Rohan, wanda kotu ta yanke cewa yana da taɓin hankali, ya cinna wa masallacin wuta, mumbarin ya ƙone. Fushin wannan gobara ne ya tara shugabannin ƙasashen Musulmi a Rabat a watan Satumba na shekarar, daga nan aka haifi ƙungiyar OIC, wadda Nijar ke cikinta tun farko, wadda kuma shigar Nijeriya cikinta a 1986 ta haddasa doguwar muhawara tsakanin Musulmi da Kiristocin ƙasar. An ƙera sabon mumbari mai kama da na farko a ƙasar Jodan, aka kafa shi a masallacin a 2007.